Lambar da Ta Yi Ja a Makarantar Nafisa

Tun da na dawo daga Gabon bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta gama gyara zama sai ta ce, "To Malama, yaya ƙasar take? Da gaske ne ruwan sama ba ya ɗaukewa? Da gaske ne ba su san gero ba?" Na ba da labarin a tsakar gida, na ba da shi a gidan suna, na ba da shi ta waya har kunnena ya yi zafi. Amma kullum sai in lura ina tsallake ainihin abin da ya kai ni. Shi ya sa na zauna na rubuta. Na nemi izinin masu labarin, sun yarda bisa sharaɗin in sauya musu suna, na kuwa sauya.

Ƙanena Sani ya daɗe a Libreville, yana sayar da yadi da atamfa a wata unguwa da ake kira Nzeng-Ayong. A can aka haifi 'yarsa Nafisa, a can kuma ya binne matarsa Rabi tun yarinyar ba ta yi wayo ba. Duk surutun da muka yi masa bai sake aure ba, bai kuma yarda ya kawo mana ita ba. Ni dai a hoto na san ta. Wata rana da hantsi ya kira ni, muryarsa ba yadda na saba jin ta ba.

"Yaya, so nake ki zo."

"Lafiya dai?"

"Nafisa ce. Ta rame, ta daina magana, wata ba ya ƙarewa ba ta yi fashin makaranta ba. In na tambaya sai ta ce kanta ke ciwo. Ga shi an kawo musu wasu na'urori a lakwal, wato makarantarsu, ana koya musu maganganun da ni ba zan iya faɗa miki ba. A masallaci wasu har sun fara cewa za su cire 'ya'yansu. Ki zo ki duba mini ita. In ta kama ki taho da ita Zariya, sai ki taho da ita."

Yarinya 'yar sha huɗu, ta rame, tana ɓuya, tana fashin makaranta. Na koyar a firamare da ƙaramar sakandare har na yi ritaya, na san abin da zuciya ke fara rayawa in an jera waɗannan. Shi ma na san abin da yake tsoro ke nan. Daga ni har shi babu wanda ya furta.

Ya ce in hau jirgin sama, na ce kayan da zan ɗauko babu jirgin da zai yarda da su: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, zogale, garin kunu. Sai ya aiko mini da takardun shiga ƙasa, ya haɗa ni da wata Hajiya Mariama 'yar Maraɗi, mai safarar turaren wuta, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. A Yola muka haɗu. Ta kalli takalmina mai ɗan tsini, ta girgiza kai, ta buɗe jakarta ta miƙo mini silifa. Ban yi gardama ba, daga baya kuwa na gode mata.

A iyakar Kamaru aka ce kowa ya buɗe kayansa. Ma'aikacin da ya zo kaina ya buɗe robar daddawa, ya leƙa, sai ya yi baya yana toshe hanci, ya shiga zuba Faransanci. Ni dai na tsaya riƙe da murfi kamar an kama ni da gawa. Hajiya Mariama tana bayani, shi yana ɗaga murya, har wani abokin aikinsa Bafulatani ya matso. Da ya ga abin da ake rigima a kai sai ya fashe da dariya, ya ce mini da Hausa, "Mama, wannan ai maganin miya ne. Ki sam mini kaɗan in kai gida." Na ƙulla masa a leda, aka sallame mu.

Daga Garwa muka yi Ngaundere, daga nan muka hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde. A wata tasha mata suka zo jikin taga da wani abu dogo naɗe da ganye. Na zaci alala ce, na saya, na kwance, na gatsa. Ashe rogo ne da aka jiƙa ya yi tsami, ga danƙo kamar roba. Na rasa yadda zan yi da lomar, ga mutane suna kallo. Wata tsohuwa da ke gabana ta ɓallo gasasshen kifi ta miƙo mini, ta yi mini nuni in haɗa su. Da na haɗa sai abin ya wuce. Kafin in baro Gabon har nemansa nake yi.

A Yawunde mun sauka a unguwar Hausawa, gidan wata gwauruwa da fatake ke sauka wurinta. Ɗaki ɗaya, katifu a jere, kowa ya tada kai da jakarsa. Ta yi mana tuwon masara da miyar kuɓewa, ana kiran salla ta ko'ina, ka ce Tudun Wada kake, in ban da yaran gidan da in ka yi musu magana da Hausa sai su mayar maka da Faransanci. A nan na gaya wa Hajiya Mariama abin da ya taso ni. Ba ta ɓoye ba, ta ce, "Malama, ki shirya zuciyarki. In ciki ne, kada ki fara da duka." Abin da ni da Sani muka kasa faɗa, ita ta faɗe shi tana suɗe hannu.

Iyakar Gabon a bakin wani kogi take. Muna isa ruwa ya kece. Aka ce kowa ya nuna katin rigakafi, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Nawa yana cikin babbar jaka, jakar tana saman mota, an lulluɓe da tamfol an ɗaure. Direba ya hau cikin ruwan nan yana kwance igiya yana masifa, fasinjoji suna taya shi. Ban ji abin da suke cewa ba, amma na san ba addu'a suke mini ba. Da aka samo katin, wani mutum da ya fi kowa faɗa shi ne ya riƙe mini lema har na koma mota. Na lura haka mutanen can suke, bakinsu da zafi, hannunsu da sanyi.

Daga nan sai daji. Mu da muka saba hango gari tun daga nesa, a can ba ka ganin komai sai bishiya a kan bishiya, ko gabas ba ka iya ganewa. Manyan motoci ɗauke da gungumen katako suna wuce mu kamar za su tafi da gefen motar. A bakin hanya an rataye naman daji a jikin sanduna, har da biri. Na ja mayafi na rufe baki. Hajiya Mariama ta ce, "Mu ma da muke soya fara, in sun gani haka suke rufe nasu." Na sauke mayafin.

Sani ya tarye mu a tasha. Furfura ta cika masa gemu, na kusa kasa gane shi. A wurinsa na fara ganin yadda ake shiga tasi a garin. Mota za ta rage gudu, ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya. In direba ya yarda sai ya danna oda, in bai yarda ba ko kallonka ba zai yi ba, ya wuce. Da farko na ɗauka wulaƙanci ne. Sani ya ce a'a, ciniki ne kawai babu doguwar gaisuwa.

Gidan yana kan gangare, sai an hau 'yan matakala. Nafisa ta fito, doguwa, siririya. Ina jiran ta durƙusa, sai ta matso ta sumbace ni a kumatun dama da na hagu, ta ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo," Hausarta a daddatse kamar mai tsallaka duwatsu a rafi. Na sandare, sannan na tuna a nan aka haife ta, gaisuwar da ta gani ke nan. Na riƙe hannunta. Tafin fari fat. Leɓenta fari, cikin idonta fari. Da ta ɗauki ƙaramar jakata ta hau matakalan nan sai da ta tsaya tana haki.

Maƙwabciyarsu Saratu ce, 'yar Kafancan, Kirista, tana da shagon ɗinki a bakin layi. Ita ta riƙa leƙa Nafisa tun tana ƙarama, yarinyar tana kiran ta Tanti. Washegari ta kawo mini miyar kwakwar manja da kaza, wadda 'yan ƙasar ke ji da ita, ta zauna muka gaisa. Da Nafisa ta fita sai ta rage murya.

"Mama, gara da kika zo. Na yi, na yi, ta ƙi buɗe baki. Amma ina ganin ta da sassafe tana wanke zanen gado, ta shanya a bayan gida inda babanta ba zai gani ba."

Ban tari Nafisa nan da nan ba. Na bari muka saba, na koya mata kaɗa miyar kuka, ita kuma ta koya mini yadda ake cewa na gode. Ranar da babu makaranta na ce ta zo in yi mata kitso. Mun san amfanin kitso, ana magana ba a haɗa ido. Na fara kewaye-kewaye irin namu, cewa 'ya mace in ta girma akwai abubuwan da ke sauyawa. Ta bari na yi nisa, sannan ta ce a hankali, "Gwaggo, na sani. An koya mana."

Ta kuwa sani. Da Hausa da Faransanci da nunin hannu ta zayyana mini yadda al'ada ke zuwa, daga ina jinin yake, me ya sa mara ke ciwo. Wasu abubuwan ni da na haifi 'ya'ya na aurar ban taɓa jin su a tsare haka ba. Ba zan ɓoye ba, na ji wani iri. Na keto ƙasashe don in faɗa mata abin da wata na'ura ta riga ni faɗa.

Na ce, "To ke naki kwana nawa yake yi?"

Ta ce yana wuce mako, wani lokaci ya kusa biyu, yana zuwa da gudaji, audugar mata ba ta riƙe shi, shi ya sa ba ta iya zaman aji.

Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, domin ba abin da muke tsoro ba ne. Cikin jin daɗin nan na ce mata farkon farawa haka yake, zai daidaita, zan dafa mata zogale da hanta, ta riƙa shan zoɓo.

"Na'urar ta ce ba haka ba ne, Gwaggo. Alamar da ke kan lambata ta yi ja. Ta daɗe da yin ja." Ta ɗan juyo, kitson ya kuɓuce mini. "Mama ma jini ne ya kashe ta, ko? Na ji mata suna faɗa a gidan biki. Ni ma haka zan yi?"

Hannuna ya tsaya. Abin da na sani game da Rabi shi ne ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn. Iyakar abin da Sani ya taɓa faɗa mana ke nan. Na ce, "Me ya hana ki zuwa wurin masu magani?"

"Madam mai jinyar makaranta za ta kira Baba. Me zan ce wa Baba?"

Ranar Litinin muka tafi makarantar, ni da ita da Saratu mai yi mini tafinta. Maza da mata a haɗe, kowa da rigar makaranta, hayaniya kamar kasuwa. Aka kai mu wani ɗan ɗaki kusa da ofis, wurin malamar jinya ta makarantar, Madam Silbi, wata gajeruwa mai tabarau. A kan dogon tebur ga na'urorin a jere, suna kiran su tabulet. Kamar waya suke, sai dai sun kai faɗin littafi.

Madam Silbi ta yi mini bayani, Saratu tana juyawa. Kowane ɗalibi lamba ake ba shi, babu suna. Yana iya karanta darasi a kan jikinsa, yana iya rubuta tambayar da yake jin kunyar yi da baki, Madam kuma ta ba shi amsa ba tare da ta san ko wane ne ba. 'Yan mata suna iya sa ranakun al'adarsu, in abin ya wuce ƙa'ida sai alama ta yi ja, a ce su zo su gan ta.

Nafisa ta ɗaga kai ta faɗi wasu lambobi. Madam Silbi ta cire tabarau ta ajiye.

"Ke ce?"

Ta zagayo teburin ta riƙe kafaɗunta. Saratu ta ce mini, "Cewa take ta daɗe tana neman mai lambar nan. Ta rubuta mata ta zo, ta sake rubutawa. Har aji-aji ta riƙa bi tana duban fuskokin 'yan mata ko za ta gane ta."

Wannan abu ya tsaya mini a rai har yau. Rufin asirin da ya sa yarinyar ta iya faɗin ciwonta, shi ne kuma ya hana a gano ta. Da suna ake sawa da ba ta rubuta komai ba. Da ba a ɓoye sunan ba kuma, da tuni an kai ta asibiti. Na juya shi ta kowane gefe ban ga yadda za a raba su ba.

Madam ta duba idonta, ta rubuta mana takardar zuwa asibiti. Na ce tun da na zo, a nuna mini duk abin da ke cikin na'urar. Ta nuna. Akwai na tsafta, akwai na cututtuka, akwai na yadda yarinya za ta ƙi in babba ya neme ta da lalata, da inda za ta kai ƙara. Waɗannan na yaba. Sai muka zo kan hanyoyin tazarar haihuwa, da hotuna, ɗaya bayan ɗaya, kuma an ce maza ma suna gani. Na ce wa Saratu ta faɗa mata wannan kam ya yi mini yawa ga yara, a wurinmu sai an zo aure ake wannan zance, in ma an yi.

Madam ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Mama, kowace shekara akwai kujerun da ke zama babu kowa a makarantar nan, masu su sun tafi da ciki. Ba wadda ta taɓa ce mini a darasi ta koyo. Duk cewa suke ba su sani ba." Na ce to iyaye fa, an tambaye su? Ta ce an kira taro. Saratu ta yi dariya ta ce, "Da Faransancin likitoci aka yi taron, Mama. Rabin matanmu ko zuwa ba su yi ba." Madam ta yarda wannan gaskiya ce. Ba mu rabu a kan ra'ayi ɗaya ba, amma mun rabu da mutunci.

Bayan la'asar na zaunar da Sani na gaya masa. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Ashe ba..." sai ya kasa ƙarasawa, ya rufe fuska da hannu. Kunyar zargin da ya yi mata ta fi ƙarfinsa.

A asibiti aka ɗebi jininta. Da sakamako ya fito likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ya tambaye ta ko tana yawan haɓo, ko in ta yanke jini yana daɗewa bai tsaya ba. Ta ce e. Sai ya juya ga Sani ya tambayi mahaifiyarta. Sani ya ce ta rasu. Likita ya ce ta yaya, domin amsar tana da amfani. Sani ya kalli ƙasa, ya faɗi kalma ɗaya da Faransanci. Na ga Nafisa ta runtse ido.

Likita ya ce akwai mutanen da jininsu ba ya saurin daskarewa, kuma ana gadon abin. Sai an ƙara gwaji kafin a tabbatar, amma ko shi ne, ana rayuwa da shi lafiya in an sani. Ya rubuta maganin ƙarin jini. Ya rubuta wani kuma, ya ce gara ya faɗa mana da bakinsa kafin mu ji a wani wuri: ƙwaya ce irin wadda matan aure ke sha don tazarar haihuwa, ita ce za ta rage zubar.

Sani ya miƙe tsaye. "Yarinya ce fa! Ko aure ba ta yi ba!"

Da ya juya mini maganar da Hausa ni ma sai da na firgita. Likita ya ce magani ɗaya yana iya yin aiki biyu, akwai wasu hanyoyin amma wannan ya fi ganin ya dace da ita, mu je mu yi shawara. Nafisa ce kaɗai ba ta firgita ba. Ta tambaye shi da kanta ko zai hana ta haihuwa nan gaba. Ya ce a'a, ranar da ta daina sha jikinta zai koma yadda yake. Ta ce haka ta karanta, so take ta ji daga bakin likita.

A hanyar komawa tasi ta bi ta bakin teku. Sani ya ce a sauke mu. Muka zauna a kan wani ɗan gini muna fuskantar ruwa, ni a tsakiya. Ban taɓa ganin teku ba sai ranar, amma ban iya cewa na kalle shi ba.

"Yaya, mu nan 'yan kaɗan ne," in ji Sani. "Kowa ya san kowa. In aka ji 'yar Sani tana shan wannan ƙwaya, wa zai tsaya jin dalili?"

Na ce, "Ni ma ba ta kwanta mini ba. Amma ka dubi tafin hannunta."

Nafisa ta leƙo ta gabana. "Baba, yaya Mama ta rasu?"

Na zaci zai tashi. Bai tashi ba. Ya ce Rabi tun tana amarya in ta yi haɓo sai an jiƙa tsumma an sake jiƙawa. Ranar da aka haifi Nafisa da ƙyar aka tsayar da jinin. Kafin a sallame su wata likita ta zaunar da shi ta yi masa dogon bayani. "Lokacin ban iya Faransanci sosai ba. Kunya ta hana ni cewa ban gane ba. Tana magana ina cewa wi, wi, wato e, e. Sai bayan shekaru na fahimci cewa take a jinkirta wani cikin, in kuma ya zo a haihu a babban asibiti, a tanadi jini tun kafin naƙuda. Na biyun a ƙaramin asibitin unguwa aka yi. Kafin a samo jini ta tafi." Ya share ido da hannun riga. "Kwananta ne ya ƙare, na sani. Amma ni ban tambaya ba."

Nafisa ta tashi ta zagaya ta zauna a ɗaya gefensa. Ta jingina da shi. Na ba su wuri, na matsa ina kallon masu sayar da kwakwa.

Daga ƙarshe Sani ya yarda da maganin. Na ba shi shawara mu je can Louis, tsakiyar gari inda ba a san mu ba, mu sayi maganin. Ya ce a'a. Kantin maganin unguwarsu ya nufa, inda ɗan wani abokin sallarsa ke aiki. Ya miƙa takarda, saurayin ya karanta, ya ɗago ya kalli Nafisa. Sani ya ce da Hausa, yadda kowa zai ji, "Na 'yata ne. Jini ke zubar mata, likita ya rubuta. In babanka ya tambaya ka ce ya zo ya same ni." Saurayin ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, Baba," ya ɗauko.

An yi maganar kuwa, ba a fasa ba. Wata ta daina gaishe ni a kasuwa. Sai Saratu ta ce tun da surutu ake so, a zo a yi shi a shagonta. Ta roƙi Madam Silbi ta zo da tabulet ɗaya, muka tara matan unguwa, 'yan Nijeriya da Nijar, ana karantawa ana juyawa da Hausa. Da aka zo wurin hotunan nan wata ta ja 'yarta ta fita tana salati. Wasu suka yi ta dariya cikin mayafi. Bayan an watse na ga wata ta maƙale a bakin ƙofa tana gyara goyon da ba ya bukatar gyara, har sai da kowa ya tafi, sannan ta dawo ta zauna kusa da Madam.

In kun tambaye ni ra'ayina a kan na'urorin nan, har yanzu ina ganin akwai darasin da ya kamata a jira yaro ya ƙara girma, kuma bai kamata a koya wa 'ya abin da uwarta ba ta ji da harshen da take ganewa ba. Amma ni da bakina na ce wa Nafisa zogale zai isa, na'urar ta ce a'a, kuma ita ce da gaskiya. Sai dai ita ma da gaskiyar tata ba ta iya kama hannun yarinyar ta kai ta ko'ina ba.

Na zauna har na ga jini ya fara dawowa leɓenta, tana hawa matakala ba ta tsayawa. Zancen tahowa da ita Zariya babu wanda ya sake tayar da shi. Dawowa kam jirgin sama na hau, tun da kayan miya sun ƙare. A filin jirgi Sani ya ja ni gefe.

"Yaya, in wata ya zagayo, ke ba kya nan, me zan ce mata?"

Na ce, "Ka ce mata yaya jiki. Sannan ka yi shiru, ka jira."

Bayan na dawo da 'yan makonni ya kira ni. Ya ce Nafisa ta biyo ta shago daga makaranta, ya yi yadda na ce. Ta ja kujera ta zauna, ta fara ba shi amsa. Wata mata ta zo sayen atamfa, ta tsaya, ta gaji da tsayuwa, ta tafi shagon gaba.

Na ce, "Ka yi asarar ciniki ke nan."

Ya ce, "Ai ba ta gama ba, Yaya. Ga ta nan, wai in ba ki ku gaisa."